Ni kaɗai aka bar wa jinyar Baba, in ajiye aikina?

Saƙon wannan makon daga wata baiwar Allah ne, ta ce kar a faɗi sunanta ko garinsu, na ɗan rage masa tsayi:

"Anti barka da ƙoƙari. Babanmu shekararsa 76, tsohon hedimastan firamare ne, yau shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, Mama kuma ta riga ta rasu. Mu bakwai ne, maza huɗu mata uku, amma da yake ni ce nake aure a unguwarmu sai komai ya dawo kaina. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, kafin in tafi sai na biya na ba shi koko da magani, in an tashi can zan fara zuwa, wani lokacin sai goman dare nake shiga gidana. Fanshonsa dubu 31 ne, ko famfas da maganin hawan jini ba ya isa, katin ATM ɗin ma yana hannun Yayanmu babba a Abuja, sai ya ga dama yake turowa. In na yi magana a guruf ɗin gida sai dai in ga 'Allah ya ba da lada'. Yanzu Baba ya fara gigin tsufa, da sunan Mama yake kirana, ran nan ya ɓata shimfiɗa sau uku na ɗaga masa murya, wallahi kwana na yi ina kuka. Maigidana ya fara ƙorafi, wani ƙaninmu kuma ya ce a kai shi gidan gajiyayyu. Ni kuma ina tunanin in ajiye aikin kawai in zauna da shi. Me za ki ce?"

Ƙanwata sannu, sannu ta gaske ba irin ta guruf ɗinku ba. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Mama.

Kar ki ajiye aikin nan. Na fara da wannan ne saboda kar ki je ki miƙa takarda kafin ki gama karantawa, zan dawo kan dalili.

Maganar ɗaga murya tukuna, don na san ita ta fi cin ranki. Na san ayar da take miki yawo a kai, ta cikin Suratul Isra'i da aka ce ko "uf" kar a ce wa iyaye in tsufa ya riske su a wajenka, kuma gaskiya ce babu wasa a ciki, ki je ki durƙusa ki riƙe hannunsa ki ce Baba ka yafe min, ko ya gane ko bai gane ba, ki nemi gafarar Allah, shikenan ki daina dukan kanki. Amma ki sani ayar nan ba ke kaɗai aka saukar wa ba, ku bakwai ne a cikinta. Kuma tsawar da ta kuɓuce miki jiki magayi ne, macen da ta shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba, ta tsaya gaban allo tun safe, ta dawo ta wanke zanin gado uku, ko waliyyiya ce wata rana bakinta zai suɓuce. In aka bar abin a haka na rantse miki zai sake faruwa, kuma na gaba zai fi wannan, don haka kuka ba zai gyara ba, tsarin jinyar ne yake son gyara.

Ba a littafi na karanta ba. Hajiyarmu shekara huɗu ta yi a kwance kafin Allah ya karɓi abarsa, shekarar farko ni ma irin taki na yi, komai ni, har ina jin haushi in wani ya taɓa mata filo don gani nake ba wanda ya iya sai ni. Wata rana da asuba na ɗora mata kunun gyaɗa na zauna a kujerar tsakar gida wai in jira ya tafasa, ban farka ba sai da ƙauri ya cika gidan, tukunyar ta yi baƙi ƙirin, ita kuma tana ɗaki tana ta kiran sunana da 'yar muryar da ta rage mata ban ji ba. Gwaggonmu ce ta shigo ta same ni ina kankare tukunya ina hawaye, ba ta ce min komai ba, ran Juma'a sai ga ta ta tara mu duka har da na Kaduna, ta aiki yaro ya sayo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta ce kowa ya faɗi nawa zai iya a wata da kwana nawa zai yi a ɗakin. Littafin nan har yau yana cikin akwatina, duk ya sha manja.

Toh dalilin da ya sa na ce kar ki bar aiki. Yanzu haka albashinki ne yake toshe ramin da dubu 31 ta bari, ranar da ya tsaya kin koma mai roƙon kuɗin famfas a wajen mutanen da ko yanzu sai addu'a suke turo miki, ko ki koma kan aljihun maigidan da dama ya fara ƙorafi. Sannan ranar da suka ji kin ajiye aiki ranar za su miƙe ƙafa gaba ɗaya, a ce ai wance tana gida ba abin da take yi. Kuma jinyar shanyewar jiki ba zazzaɓi ba ce, mutum kan yi shekara biyar ko goma a haka, rai na hannun Allah, kinga in kin fito daga ciki shekaru sun ja, babu aiki, babu ajiya, wa zai ɗauke ki? A Japan, inda kusan mutum uku cikin goma sun kai 65, wajen mutum dubu ɗari ne suke barin aiki duk shekara saboda jinyar iyaye ko dangi, yawancinsu mata, har gwamnatinsu ta ɗauki abin a matsayin matsalar ƙasa tana neman hanyar hana shi. Su da suke da inshorar kula da tsofaffi tun 2000, kowa in ya kai 40 yana zuba wani abu, in ya tsufa ya kasa a turo masa mai kula ko a ba shi gurbi a gidan jinya. Jamus ma tun 1995 suke da irin tasu. Su da suke da wannan duka suna cewa kar a bar aiki, balle ke.

Mu nan ana ta cewa ai mu ba mu da wannan matsalar, al'adarmu ba ta yar da tsoho. Eh haka ne, amma a tuna yadda al'adar take aiki a da. Gida ɗaya ne babba, gandu ɗaya, 'ya'ya maza da matansu duk a ciki, ga jikoki kamar ƙasa, tsoho na zaure ko ɗakinsa ba a minti goma wani bai leƙa ba, wannan ta kawo fura, wancan ya cika buta, jinyar ta rabu a hannu ashirin ba wanda ya ji nauyinta. Yanzu ɗa na Abuja, ɗa na Legas, wani na Jidda, kowa da ɗan gidan hayarsa ciki da falo, mata na fita aiki, yara na boko da islamiyya har magariba. Hannu ashirin ɗin nan sun watse, amma maganar "mu ba ma yar da tsoho" tana nan, sai aka tattara ta aka ɗora wa mace ɗaya, wadda ta fi kusa ko wadda ta fi kunya. A gidanku ke ce. Ga shi kuma yanzu mutane na daɗewa da ciwon da a da yake kashewa nan take, hawan jini, suga, shanyewar jiki, magani na riƙe rai amma wani ne zai yi ɗawainiyar jikin.

Gwamnati fa? Kar in yaudare ki. A Najeriya waɗanda suka haura 60 ba su wuce wajen biyar cikin ɗari ba, shi ya sa 'yan siyasa ba su cika waiwayarsu ba, duk da biyar cikin ɗari na mutum sama da miliyan 200 ba ƙaramin taro ba ne kuma kullum ƙaruwa suke. Akwai dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma ba ita za ta zo ta juya miki Baba da daddare ba. Ekiti sun taɓa fara biyan tsofaffi 'yan 65 zuwa sama naira dubu biyar a wata a 2011 zamanin Gwamna Fayemi. 'Yan uwanmu na zango a Gana, tsohon da ya kai 70 an ɗauke masa kuɗin zubin inshorar lafiya. Mu dai har yanzu babu wani kuɗin tsufa da kowane tsoho yake samu don kawai ya tsufa, in ba ka yi aikin albashi ba sai abin da 'ya'yanka suka miƙo. Kinga ke nan hukumar kula da Baba ku bakwai ɗin nan ce, sai ku gina ta kamar hukuma, da kuɗi da ranaku da rubutu.

Ki fara da lissafi. Wata guda cur ki rubuta duk abin da ya fita saboda Baba, famfas, magani, omo da sabulu, dettol, kuɗin adaidaita zuwa asibiti, gashin ƙashi in ana yi, abinci, gas ko gawayi, har kuɗin mai wanki, ki ajiye rasit ki ɗauki hotonsu. Maza da yawa wallahi ba mugunta ba ce, ba su san farashin komai ba ne, Yayanku yana can yana ganin dubu 31 kamar ta shekara biyar baya, alhali tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin magani da na mota suka koma. Magana a guruf "abubuwa sun yi min yawa" amsarta addu'a ce, amma in kin ce wata ya ci dubu kaza ga hoton rasit, fansho dubu kaza, saura dubu kaza, dole a yi maganar lamba.

Kuma kar ke ki kira taron. Ke ƙanwa ce, in kin kira za a ce rashin kunya, a bar maganar jinya a koma maganar tarbiyyarki. Ki nemi wanda Yaya ba zai iya kashe wa waya ba, Baffa ko Kawu ko Gwaggo, ko aminin Baba, ko limamin unguwa, ki kai masa littafin ki bar shi ya gani da idonsa, in ma da hali ya zo da safe lokacin da ake canza shimfiɗa, gani ya kori ji. Shi zai tara su, wanda ba zai iya zuwa ba a sa shi a waya.

A zaman nan a yi shi kamar adashi. Kowa da zubinsa ranar kaza ga wata, ba daidai wa daida ba, gwargwadon samu, don ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'yan da suke da hali, maza da mata, ba kyauta ba ce da za a jira godiya. In akwai mai cewa ai yana turo zakkarsa ko buhun shinkafa da azumi, a tuna masa zakka ba ta zuwa ga iyayen da ciyar da su ya rataya a wuyanka, ku tambayi malamin da kuka yarda da shi zai faɗa muku. A buɗe asusu ɗaya na Baba, mutum biyu su riƙa ganin alat, duk ƙarshen wata a tura lissafi guruf. Katin ATM kuma ya dawo garin da mai shi yake kwance, wannan ko ja-in-ja bai kamata a yi ba, kuɗin Baba ne, haƙƙin guminsa na shekara talatin da wani abu a aji, ban ce Yaya yana ci ba, amma katin majinyaci ba shi da aikin yi a Abuja. Ke kuma a lissafa ɗawainiyarki a matsayin zubinki, kar ki yarda ki yi jinya kuma ki yi zubi daidai da mai zaune a ofis.

Sai maganar da ba ki faɗa ba amma na san tana nan. Waye yake yi wa Baba wanka da tsarki? In ke ce, toh ki sani abin yana ci masa rai fiye da yadda yake ci miki, dattijon da ya yi hedimasta gari na gaishe shi, yau 'yarsa mace ce take cire masa famfas. Wani lokacin faɗan da tsofaffi suke yi da ƙin cin abinci kunya ce ba su da bakin faɗa. Yana da 'ya'ya maza huɗu. Wanda yake gari ya karɓi wankan safe ko kwanan dare, na nesa su haɗa kuɗi a ɗauki namiji mai hankali a biya shi albashi, a samu ma'aikacin jinya ya koya masa yadda ake ɗagawa da juyawa, su kuma duk wata ko wata biyu ɗaya ya zo ya yi kwana uku a ɗakin, ba a otal ba, zumunta a ƙafa take. Kar kuma a ce za a turo matansu su yi, surukai in sun yi alheri ne, a gode musu, amma ba uban su ba ne. 'Yan uwanki mata biyu su karɓi Asabar da Lahadi bi da bi da yardar mazajensu, ke ki samu kwana biyu a sati da ba za ki taka gidan ba sai dai gaisuwa.

Wanda duk zai kwana da shi ya san abu biyu. Mai kwance ana juya shi kamar duk awa biyu, a duba ƙugu da bayan ɗuwawu da dundunniya kullum, in an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu kuma bai washe ba toh gyambon kwanciya ne yake sallama, kar a murza wurin, a ɗauke masa nauyi da filo, a bar shi a bushe, a nuna wa ma'aikacin lafiya tun bai fashe ba, don in ya fashe kuɗinsa ya fi na famfas nesa. Sannan ba a ba shi abinci a kwance, a tayar da shi zaune sosai, kaɗan-kaɗan, masu shanyewar jiki suna yawan ƙwarewa abinci ya bi ta huhu. Maganin hawan jini kuma ba a tsallake shi don an ga ya ji sauƙi ko don an samo na gargajiya.

Gigin tsufan ma a kai shi likita ya gani, kar a ce tsufa ne kawai ko a fara zargin sammu. Wanda ya taɓa samun shanyewar jiki yakan samu ruɗewa saboda jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, kuma in ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana biyu wani lokacin ciwon mafitsara ne ko wani zazzaɓi da in an yi magani sai ya dawo daidai. In ya kira ki da sunan Mama ki amsa kawai. Kar ki ce Baba ai Mama ta rasu, kullum kika faɗa masa sabuwar mutuwa ce a wajensa.

A cikin mazan nan a ware ɗaya aikinsa takardu. Ya je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, kusan kowace jiha tana da tata, ya tambayi yadda ake sa ɗan fansho ko tsoho, akwai kuma shirin GIFSHIP na hukumar inshorar lafiya ta tarayya, wato NHIA, da mutum zai iya biya wa wani. Ba za su sayi famfas ba, ba za su biya mai jinya ba, amma ganin likita da wasu magunguna da gwaje-gwaje in sun ragu ai an rage. Ya kuma bibiyi fanshon, sashe na 210 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi, an kuma mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024, ya shiga ƙungiyar 'yan fansho ya ji ko an yi ƙari Baba bai gani ba, ko akwai ragowar garatuti. In lokacin tantancewa ya zo a kai takardar likita a nemi a zo gida, kar a ɗauki mutum a kwance a kai shi layi cikin rana.

Ƙaninku mai maganar gidan gajiyayyu kar ki tsine masa, ƙila shi ma tausayinki ne ya sa, amma a'a. Irin gidajen nan a wajenmu yawanci na waɗanda ba su da kowa ne, kuma ba a gina su don jinyar mai kwance da sai an juya shi ba, Baba mai 'ya'ya bakwai bai kamata ya tare gurbin wanda ba shi da ko ɗaya ba. Ki ce masa tunda ya damu, kwanan Talata da Laraba nasa ne.

Maigidanki kuma yana da gaskiyarsa, mutum ya shekara biyu matarsa na shigowa goman dare a gajiye, ya yi haƙuri ma. Kar ki haɗa shi faɗa da Baba a zuciyarki. Ki zaunar da shi ki gode masa, ki nuna masa tsarin da kike son kawowa da ranakun da za ki dawo gida da wuri, za ki ga shi da kansa zai raka ki wajen Baffa.

Ɗan abu ɗaya game da ke. Makarantar kuɗin nan suna zuba miki fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba masa kashi 10, amma ƙananan makarantu da yawa ba sa yi. In ba sa yi, tun 2019 aka buɗe tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu da ƙananan ma'aikata, ki je wajen ɗaya daga kamfanonin fansho ki tambaya, ko dubu biyu ce a wata ki fara. Kin ga dai yadda dubu 31 ta yi wa mai 'ya'ya bakwai.

Ki sayi littafin yau, ki fara da famfas ɗin da za ki saya gobe. In wata ya cika kin kai wa Baffa ki rubuto min yadda aka kwashe, musamman abin da Yaya ya ce kan katin. Kuma in Baba mai jin rediyo ne a da, a sa mata batir a ajiye masa kusa da kunnen ɓarin da yake da lafiya, Hajiyarmu har ta bar gane mu ba ta bar gane muryar masu labaran safe ba.